Ina so in koyi tsara sakit na lantarki amma ban san komai ba, daga ina zan fara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na gama sakandare, ko fitila ɗaya ban taɓa haɗawa ba, amma ina son in iya tsara na'urorin lantarki da kaina, ba gyara kawai ba. Wasu sun ce in sayi Arduino, wasu sun ce in je wurin mai gyaran rediyo, wasu kuma sun ce sai na yi digiri. Lissafina ma ba wani ƙarfi gare shi ba. Daga ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Masu shawarwarin nan uku babu wanda ya yi maka ƙarya, sai dai kowannensu wurin zuwa ya nuna maka, bai faɗa maka abin da za ka koyo a can ba. Abin da ya raba mai tsara sakit da mai haɗa sakit ba shi da wuyar faɗa. Mai haɗawa yakan samo zane a intanet, ya jera kayan yadda aka nuna, in abu ya yi aiki ya ɗauki bidiyo, in bai yi ba ya nemi wani zanen. Shi kuwa mai tsarawa, tun kafin ya jona batir ya riga ya rubuta a takarda cewa a wannan mahaɗar zan ga bolt 6, ta wannan wayar miliamfiya 15 za su bi. Sai ya ɗora mita. Idan ta ba shi wata lamba daban, ba ya matsawa gaba sai ya gano daga ina bambancin ya fito. Wannan ɗabi'ar za ka koya, kuma da fitila guda da rizista guda ake fara ta, tun ranar farko.

Kada batun lissafi ya tayar maka da hankali. A watannin farko ninkawa ne da rabawa, sai ka riƙe cewa mili kashi ɗaya ne cikin dubu, kilo kuma sau dubu. A nan ma sababbi suka fi tuntuɓe: mutum ya raba bolt da kilo-om, ya manta cewa amsar miliamfiya ce ba amfiya ba.

Ka ɗauki tankin ruwa a saman gida. Ƙarfin da ruwan ke turowa saboda tsayin tankin shi ne bolteji, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke bi ta bututu a kowace daƙiƙa shi ne kwararar wuta, ana auna ta da amfiya. Ƙuncin bututun shi ne turjiya, ana auna ta da om. A 1827 wani Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa dangantakar ukun: bolteji daidai yake da kwarara sau turjiya. A 1845 wani Bajamushen, Gustav Kirchhoff, ya ƙara dokoki biyu. Ta farko, duk kwararar da ta shiga mahaɗa ita ce za ta fita, babu wadda ke ɓacewa. Ta biyu, in ka zagaya sakit ka dawo inda ka tashi, boltejin da batir ya bayar daidai yake da jimillar wanda kayan suka cinye. Ka ƙara da cewa bolt sau amfiya shi ne wat, kuma wat ɗin da bai zama haske ko motsi ba zafi yake zama. Da waɗannan huɗun za ka yi shekara kana aiki ba ka ƙure su ba.

Kayan farawa ba su da yawa. Mita ta dijital, ko da mai araha ce irin DT830. Allon gwaji mai ramuka, wanda ake tsotsoka kaya a ciki ba tare da dalma ba. Fakitin rizistoci masu ƙima iri-iri, ƙananan fitilun LED, 'yan kafasitoci, dayod 1N4007 mai barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, tiransista BC547, rizistar haske wato LDR, IC guda biyu (sakit ne guda da aka dunƙule a cikin ɗan ƙaramin kaya mai ƙafafu), 555 da LM393, da wayoyi. A Kano masu kayan lantarki na Sabon Gari suna da irin waɗannan, a Legas kuma Alaba. Tsohuwar rediyo da ta mutu ma rumbun kaya ce, kuma cire su zai koya maka riƙon ƙarfen dalma. Wutar gwajinka kuwa ta zama batir mai bolt 9, ko bolt 5 daga fawa-bank.

A kan wannan na ƙarshen zan ja kunnenka sosai. Wutar gida bolt 230 ce, kuma tana kisa. A cikin cajar waya da makamantanta akwai kafasita da ke cika har kusan bolt 325, tana iya riƙe wannan cajin bayan an zare cajar daga soket. Fitilun caji masu araha da ake soka wa bango kai tsaye sun fi haɗari, domin da yawansu babu taransifoma a ciki, kafasita ce kawai ke rage wutar, saboda haka in suna jone kowace waya a cikinsu tana iya zama wutar gida. Na san abin da ke ran kusan kowane matashi da ya shigo harkar nan, wato ya haɗa inbata, kuma da irin yadda wuta take a ƙasarmu ban ga laifinsa ba. Amma inbata ta haɗa abubuwa biyu mafiya haɗari wuri guda, bolteji mai kisa a gefe ɗaya, amfiya masu narka waya a ɗaya gefen. Ka bar ta tukuna. Ka yi shekara ɗaya ba ka wuce bolt 12 ba.

To, ga aikin farko. Jar LED tana cin kusan bolt 2, kuma ba a son kwararar da ke bi ta cikinta ta wuce miliamfiya 20. Batirinka bolt 9 ne, saura bolt 7 ke nan da dole rizista ta ɗauka. In ka sa mai om 470, 7 a raba da 470 ya ba ka kusan miliamfiya 15. Rizistar za ta ƙona 7 sau 0.015, wato wat 0.1 da ɗan kai, ita kuma ƙaramar da aka saba sayarwa tana jure rubu'in wat, babu matsala. Ka rubuta waɗannan lambobin kafin ka taɓa komai. Yanzu ka haɗa ka auna. Ba za ka samu 15 cif ba. Sabon batir yakan ɗara bolt 9 kaɗan, wanda ya sha aiki ya gaza. Fitilar tana iya cin 1.9 ko 2.1. Zoben ruwan zinare a jikin rizista yana nufin ƙimarta tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, wato daga om 447 zuwa 493 duk daidai ne. Ka auna kowane ɗaya, ka sake lissafin da lambobin gaskiya, za ka ga ya faɗo kusa da abin da mita ta nuna. Sai ka canza abu guda. Sa farar LED, wadda ke cin kusan bolt 3: me kake tsammani? Sa jajaye biyu a jere: me kake tsammani? Kullum amsa a takarda tukuna, mita daga baya.

Ita mitar akwai abin da ke kashe ta a hannun sabon shiga. Bolteji ana auna shi ne tsakanin wurare biyu, ka ɗora alluran a gefe da gefen abin ba ka cire komai ba. Kwarara kuwa sai ka yanke hanyar, ka sa mitar a tsakani wutar ta bi ta cikinta. In ka bar ta a kan ma'aunin amfiya ka ɗora ta a kan bakin batir biyu, ka haɗe batirin kai tsaye ke nan, fiyus ɗin ciki ya tsinke, in ramin ba shi da fiyus kuma wayoyin su yi zafi. Ka saba da mayar da jar allura ramin bolt da zarar ka gama auna kwarara. Turjiya kuma ba a auna ta sakit yana da wuta.

Abu na biyu da nake so ka zauna a kansa sosai shi ne rizistoci biyu a jere masu raba bolteji. Sa biyu masu kilo-om 10 a kan bolt 12, tsakiyarsu za ta ba ka bolt 6. Daga ganin haka sabon shiga sai ya ce ashe rage wuta ba wuya, bari in yi cajin waya da wannan. Ka gwada jona rizista mai kilo-om 1 daga tsakiyar zuwa negatif, a matsayin kayan da za su ja wuta. Yanzu ɓangaren ƙasa ya zama 10 da 1 kafaɗa da kafaɗa, wato kusan om 909, boltejin tsakiyar ya faɗo zuwa bolt 1. Duk abin da ka jona wa sakit ya zama ɓangaren sakit ɗin, har mitar da kake awo da ita. Wanda ya gane wannan da hannunsa ya gane rabin matsalolin da zai haɗu da su nan gaba, har a kan amfilifaya da eriya.

Mai rage wuta na gaske shi ne irin 7805, mai ƙafa uku, wanda ke fitar da bolt 5 tsayayye muddin abin da ke shiga ya kai kusan 7. Amma shi ma ka yi masa lissafi. In ka ba shi 12 kana jan rabin amfiya, bolt 7 ɗin da ya rage sau 0.5 ya zama wat 3.5 na zafi zalla, fiye da wat 2.5 da ke isa ga kayanka. Ba tare da ƙarfen sanyaya ba zai yi zafi har ya kashe kansa. Shi ya sa ake amfani da masu rage wuta ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, irin LM2596, a inda batir ke da tsada. Kuma ka tuna lambobin da masana'anta ke bayarwa galibi a zafin digiri 25 aka auna su, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40 a inuwa, balle cikin akwatin roba a ƙarƙashin kwano. Kafasita mai ruwa a ciki, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ranta kusan biyu, don haka in ka samu mai rubutun 105 a jiki ka fifita ta a kan mai 85.

Kafasita tana tara caji, ta hanyar rizista kuma tana cika ne a hankali. Turjiya sau girman kafasita yana ba ka lokacin da za ta kai kashi 63 cikin ɗari na boltejin batir. Kilo-om 10 da maikurofarad 100 daƙiƙa ɗaya ke nan, yi da maikurofarad 1000 ka samu daƙiƙa goma, ka iya kallon lambobin mita suna hawa kana duba agogo. Masu siffar gwangwani suna da positif da negatif, in ka juya su suna kumbura har su fashe. Akwai kuma 'yar ƙarama mai rubutun 104, wato nanofarad 100, wadda ake sa wa kowane IC dab da ƙafafunsa na wuta. Sababbi sukan tsallake ta saboda ba su ga aikinta a zane ba, sai sakit ya dinga hauka ba dalili.

Tiransista, wadda aka ƙirƙira a Bell Labs na Amurka a 1947, ka fara saninta a matsayin makunni, batun ƙara ƙarfin sauti ya biyo baya. 'Yar kwarara kaɗan a ƙafar da ake kira bes tana buɗe hanya ga mai yawa ta sauran ƙafafun biyu, kuma tsakanin bes da emita akwai kusan bolt 0.7 idan tana kunne. A ce za ka kunna rile, wato makunnin da nadin waya ke ja da maganadisu, mai cin miliamfiya 30 da siginar bolt 5. Ƙa'idar da aka saba ita ce ka ba bes kashi ɗaya cikin goma na abin da kake son wucewa, miliamfiya 3 ke nan. Cire 0.7 daga 5, raba 4.3 da 0.003, ka samu kusan om 1,400, sai ka ɗauki mai kilo-om 1.2 ko 1.5 da ke cikin fakitinka. Ka sa dayod a juye a gefen nadin rilen, domin lokacin da aka katse wa nadin waya wuta yana harbo bolteji mai yawa da ke kashe tiransista. Wani tarkon kuma: BC547 da 2N2222 mai jikin roba kamanninsu ɗaya, amma jerin ƙafafunsu yakan saɓa. Ba a gane wannan da ido.

Shi ya kawo mu ga takardar bayani da masana'anta ke fitar wa kowane kaya, wato datashit. Rubuta lambar kayan a Google za ka same ta kyauta. Da Turanci take, amma ba Turancin adabi ba ne, kalmomi kaɗan ne ke ta maimaituwa. Ba a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Ka duba zanen ƙafafu, ka duba teburin iyakar ƙarshe, ka duba zanen misalin amfani. Teburin iyakar nan ba wurin aiki yake nuna maka ba, bakin rami yake nunawa. BC547 an rubuta mata miliamfiya 100, to kai kada ka tsara mata fiye da 50 ko 60. Wannan rata tana da ƙarin amfani a kasuwarmu, inda jabun kaya suka yi yawa. Za ka ga batirin litiyom 18650 an buga masa 9900 mAh, wato miliamfiya-awa na cajin da yake ɗauka, alhali na gaske ba ya wuce wajen 3500.

Yanzu shawarwarin da aka ba ka. Arduino, ɗan allon nan mai ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa manhaja, abu ne mai kyau, an fara shi a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗaliban zane da ba injiniyoyi ba, kuma ya cika aikinsa. Amma ni ba na son mutum ya fara da shi. Yana sa ka ji kamar ka iya lantarki alhali rubutun manhaja ka kwafa, ka jona alluna da wasu suka riga suka tsara. Ranar da ka jona 'yar mota mai juyawa, irin ta fanka, kai tsaye a ƙafarsa, wadda miliamfiya 20 aka so a ja daga gare ta, 40 kuma iyakar ƙarshe, ranar za ka ga giɓin. Ka ba kanka wata uku ko huɗu da rizista da tiransista da 555, sannan ka saye shi, a lokacin ka san abin da ke faruwa a kowace ƙafa. Shi 555 ɗin, wanda Hans Camenzind ya tsara, ya shiga kasuwa a 1972, har yau ana yin sa, kuma makaranta ce mai zaman kanta. Da rizista mai kilo-om 1, da mai 68, da kafasita mai maikurofarad 10, zai sa LED ta dinga ƙiftawa kusan sau ɗaya a daƙiƙa, lissafin yana cikin takardarsa.

Mai gyaran rediyo kuwa, je ka, da ladabinka. A wurinsa za ka koyi dalma mai tsabta, da gane kayan da ya ƙone ta wari da launi, da bin sawun matsala daga inda wuta ta shiga. Waɗannan ba a samun su a littafi. Sai dai ka sani aikinsa mayar da abu yadda wani ya tsara shi ne, yana iya shekara ashirin yana canza kafasita bai taɓa buƙatar sanin me ya sa aka zaɓi wannan ƙimar ba. Kai ka dinga yi wa kanka wannan tambayar a kan duk allon da ya buɗe. Digiri ko difloma a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha za su yi maka amfani in kana son zurfi, irin sakit na sadarwar iska ko tsara IC kansa, inda lissafi mai nauyi ya zama dole, kuma sai da takardar makaranta hukumar injiniyoyi, wato COREN, ke yi wa mutum rajistar injiniya a Najeriya. Amma kada ka jira su kafin ka fara.

Akwai manhajojin gwaji na kyauta. Na Falstad yana buɗewa a burauzar waya, yana nuna kwarara tana tafiya a kan zane, ya dace da mai farawa. LTspice na kamfanin Analog Devices sai da kwamfuta, shi ƙwararru ma suna aiki da shi. Ka yi amfani da su don duba lissafinka, amma ka sani a cikinsu batir ba ya gajiya, waya ba ta kwancewa, tiransista ba ta hayaƙi ko ka ɗora mata amfiya goma.

Bari in nuna maka yadda tsarawa take daga tushe, da abin da za ka iya yi bayan 'yan watanni: fitilar tsakar gida mai kunna kanta da magariba ta mutu da asuba, a kan batir mai bolt 12. Ba da zane ake farawa ba, da buƙata ake farawa. A ce fitilar tana cin rabin amfiya, dare awa goma, amfiya-awa 5 ke nan. Ƙaramin batirin nan na UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, amfiya-awa 7 yake ɗauka, kuma batirin dalma ba ya daɗewa in ana zuƙe shi fiye da rabi kullum. Tun ba ka sayi komai ba lissafi ya gaya maka ko ka rage fitila zuwa wajen amfiya 0.3, ko ka nemi batir babba.

Sai makunnin. BC547 ta fita, rabin amfiya ya ninka iyakarta sau biyar. Wani nau'in tiransista da ake kira MOSFET, irin IRFZ44N, za ta yi, turjiyarta idan ta buɗe sosai kusan om 0.02 ce, ko ɗumi ba za ta yi ba. Amma tana son wajen bolt 10 a ƙafar da ke buɗe ta. A nan muna da 12, lafiya lau. Da Arduino ne mai bolt 5 zai tura ta, da sai mu nemi IRLZ44N. A lokacin hunturu, da iska ta bushe jiki ke tara caji, ka taɓa ƙarfe kafin ka ɗauki MOSFET, ɗan tartsatsin nan da kake ji a yatsa ya isa ya lalata ta.

Sai ido. LDR turjiyarta tana sauka da haske, tana hawa da duhu, amma kowace da nata hali, don haka kada ka ɗauki lamba daga zanen wani. Fita da mita da magariba, daidai lokacin da kake son fitila ta kama, ka auna taka. A ce ka samu kusan kilo-om 47. Sai ka sa rizista mai 47 daga positif, LDR daga nan zuwa negatif. Tsakiyarsu za ta kai bolt 6 daidai wannan lokacin, da rana ta yi ƙasa sosai, da dare ta yi sama. Wasu rizistoci biyu masu kilo-om 10 su ba ka bolt 6 na ma'auni. LM393 aikinsa kwatanta bolteji biyu: na LDR ya shiga ƙafar da ke da alamar tarawa, na ma'auni ya shiga mai alamar ɗebewa. Takardarsa za ta gaya maka cewa mafitarsa ja ƙasa kawai take iyawa, ba ta turawa sama, don haka sai ka sa mata rizista mai kilo-om 10 zuwa positif, daga nan ka kai wa MOSFET. Akwai wani daɗi a wannan tsarin: tunda masu raba boltejin biyu daga batir ɗaya suke sha, ko batirin ya sauka daga 12.6 zuwa 12, tare suke sauka, lokacin kunnawa ba ya gocewa.

Ka haɗa, zai yi aiki a ɗaki in ka rufe LDR da yatsa. Ka kai shi waje da magariba sai ka ga fitila tana rawa, kunna, kashe, kunna. Dalili biyu ne. Haske yana raguwa ne a hankali, boltejin biyu suna daɗewa dab da juna, ɗan motsi kaɗan ya juya hukuncin. Maganinsa rizista babba, kamar kilo-om 470, daga mafita zuwa ƙafar tarawa. Da zarar fitila ta kama, wannan rizistar tana ɗaga boltejin wurin da kusan rabin bolt, ba za ta mutu ba sai gari ya yi haske fiye da lokacin da ta kama. Dalili na biyu ba na lantarki ba ne: fitilar tana haska LDR ɗinta, sakit ya ɗauka gari ya waye. Wannan sai ka sa LDR a cikin ɗan bututu baƙi ka fuskantar da ita sama, nesa da hasken. Kuma ka sa fiyus mai amfiya 1 ko 2 dab da bakin batir, domin batirin dalma in wayoyinsa suka haɗe yana iya tura amfiya masu yawan da za su kunna wa robar waya wuta.

In ya kwana biyu yana aiki a allon gwaji, ka mayar da shi kan allo mai ramuka da layukan tagulla ka yi masa dalma. Dalma mai kashi 60 da 40 tana narkewa a wajen digiri 190, ƙarfen kuma a sa shi kusan 330. Ƙafar kaya da tagullar ake ɗumamawa, sannan a kawo dalma ta narke a kansu, ba a ɗebo ta a bakin ƙarfe a shafa ba. Akwai gubar dalma a ciki, ka wanke hannu kafin cin abinci, ka yi aikin inda iska ke shiga. Daga baya za ka koyi KiCad, manhajar kyauta da ake zana allon sakit bugagge, wato PCB, da ita, ka aika fayil ɗin masana'anta a buga maka. Wannan sai ka tsara abu uku ko huɗu da suka yi aiki tukuna.

LM393 masu kwatantawa biyu ne a cikinsa, ɗaya kawai muka taɓa. Ga aikin da zan bar maka: ka yi amfani da na biyun ya kashe fitilar idan batir ya sauka zuwa bolt 11.8, don kada ya zuƙe. Za ka tarar dabarar ɗazu ba za ta yi ba, domin ma'aunin da ke sauka tare da batir ba zai iya gaya maka batir ya sauka ba. Kana buƙatar ma'auni tsayayye, irin TL431 mai ba da bolt 2.5. Ka sa kilo-om 10 a ƙasa, ka lissafa ta sama yadda tsakiya za ta zama 2.5 daidai lokacin da batir yake 11.8. Amsar za ta faɗo tsakanin 33 da 39, babu ita a fakitinka, sai ka yanke shawara ko ka haɗa biyu a jere ko ka sa rizista mai juyawa wadda ake canza ƙimarta. Ka kuma yi tunanin abin da zai faru idan fitila ta mutu, nauyi ya sauka daga kan batir, boltejinsa ya ɗan farfaɗo ya haura 11.8. In ka yi, ka turo min lambobin da ka lissafa da waɗanda mita ta ba ka, mu duba tare.